Ina Kete Take, Mutum Nawa Ne a Cikinta?



A darasin labarin ƙasa tambaya biyu ake fara yi wa kowane gari, babba ne ko ƙarami: a ina yake, kuma mutum nawa ne a cikinsa? Mu malaman makaranta mun saba da su har sun zame mana kamar gaisuwar safe. Yaro ya ɗora yatsa a kan taswira, ya faɗi adadi, a ba shi makinsa a wuce gaba. To, a wannan wata muna so mu yi wa wani ɗan gari waɗannan tambayoyi biyu, mu gani ko amsarsu tana zuwa da sauƙi haka. Garin shi ne Kete, tsohon zongon fatake na bakin kogin Volta, wanda aka haɗa sunansa da na maƙwabciyarsa Krachi aka sami Kete Krachi. Mun zaɓe shi ne domin a nan Kumasi, daga Yalwa zuwa Aboabo da Sabon Zongo, ba a rasa gidajen da in an bi salsalarsu za a tarar kakan kakansu ya sauke kaya a Salaga, ya yi zama a Kete, kafin ya gangaro kurmi. Duk da haka in ka tambayi yaran gidan inda Kete take, sai su dube ka kamar ka tambaye su wani gari a ƙasar Sin.

Bari mu fara da tambayar farko. Wanda ya tashi daga Kumasi zai hau tudun Mampong, ya wuce Ejura, ya isa Atebubu. A nan zai bar babbar hanyar Yeji ya karkata gabas, ya bi ta Kwame Danso har ƙasa ta ƙare masa a Kojokrom, inda mota ba ta da sauran abin yi sai jiran jirgin fito. In an ƙetare ruwa an iso Kete Krachi, wadda tun 2019 take cikin Yankin Oti mai hedkwata a Dambai. Kafin nan a Yankin Volta ake lissafa ta. Wannan amsa za ta ci maki a jarrabawa. Sai dai garin da jirgin zai sauke ka a cikinsa sabo ne, a kan tudu aka gina shi a farkon shekarun 1960. Kete ta kakanninmu, da kasuwarta da unguwanninta, tana ƙarƙashin tafki, in ban da 'yan kangayen gine-ginen Jamusawa da suka tsira a bakin gaɓa.

Tambaya ta biyu kuwa, adadin da za mu riƙe shi ne na masu ƙidayar da suka zaga kwarin Volta kafin a toshe kogin a Akosombo. Sun tarar ruwa zai tashi mutum wajen 80,000 a ƙauyuka kimanin 740. A cikin waɗannan ƙauyuka, wajen 600 mutanensu ba su kai ɗari-ɗari ba. Guda ɗaya tak ya haura mutum 4,000, shi ne Kete Krachi, kuma wannan adadi ya haɗa zongon da garin masu ƙasa gaba ɗaya. Ga ƙa'idar ofishin ƙididdiga na ƙasar nan, wuri ba ya shiga sahun birane sai mutanensa sun kai 5,000, abin da ya gaza haka karkara ne. Watau garin da sunansa ya kai Kano da Sakkwato har Jamus, a takardar gwamnati ƙauye ne ranar da ruwa ya zo masa. Yadda ya cika da yadda ya rame har ya koma haka, shi ne abin da ya kamata mu tsaya a kansa.

Kwale-kwalen da ke ɗauko gishirin Ada daga bakin teku suna hawowa Volta har su iso Krachi, inda duwatsu suka tare kogin. Dole a sauke kaya a nan, a ɗora a ka ko a bayan jaki, kuma duk inda aka sauke kaya kasuwa ta kafu. Masu ƙasar su ne mutanen Krachi, daga cikin ƙabilun Guan, garinsu kuma ya yi suna saboda Dente, abin bautar da ake zuwa wurinsa daga nesa, har sarakunan Tonawa suna aika masa. Baƙi Musulmi ba su zauna a cikin garin ba, aka ba su wuri ɗan nesa kaɗan, shi ne Kete. Haka zongo yake ko'ina tun can: mai ƙasa a gefe, baƙo a gefe, ciniki ya haɗa su.

Da farko Kete ƙaramar tasha ce. Uwar kasuwa ita ce Salaga ta ƙasar Gwanja, inda ayarin Kano da Katsina da Borno ke zuwa da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su koma da huhunan goro. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ƙarfin Tonawa a kan arewa ya karye, Salaga da Krachi suka fita daga hannunsu. Su kuma Tonawa suka janye goronsu daga Salaga, ciniki ya karkata Kintampo da Atebubu. Ana cikin wannan hali, a 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, masu mulkin Salaga. Gari ya watse, fatake da malamai da dillalai suka fantsama, kaso mai yawa ya gangara Kete. Cikin 'yan shekaru ƙaramar tasha ta cika ta batse. Faɗuwar wani tashin wani.

Kada mu ɓoye, ba goro da gishiri kaɗai ake sayarwa a waɗannan kasuwanni ba, har da mutane. Zuriyar wanda ya saya da ta wanda aka sayar yau sahu ɗaya suke tsayawa a masallatan zongo, sun yi auratayya har ba mai iya rarrabewa. In za mu koya wa yara wannan tarihi, sai mu koya musu shi da wannan ɓangaren nasa.

A 1894 Jamusawa suka iso. Fataken Kete suka kai musu kuka a kan haraji da tsangwamar da suke sha daga babban mai kula da Dente, Jamusawa suka kama shi suka kashe, suka kafa bariki a wurin. Ciniki ya sami sarari, wannan gaskiya ne. Amma a ganinmu baƙon da ya jingina da bindigar wani baƙo don ya rinjayi mai masaukinsa ya ci bashin da jikokinsa ne za su biya, kuma ɗan zongon da bai san wannan labari ba zai yi ta mamakin irin kallon da akan yi masa a wasu garuruwa.

A cikin waɗanda yaƙin Salaga ya tasa akwai malamin da ya sa sunan Kete bai ɓace ba, Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda ake kira Alhaji Umaru Salaga ko Alhaji Umaru Krachi. An haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi ne. Ya sauka Kete wajen 1896, ya zama limamin gari, ya rasu a can a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan yaƙin Salaga, da zuwan Nasara, da talauci da wadata, da annobar mura ta 1918. Bajamushen da ya riƙe barikin Kete Krachi, Adam Mischlich, ya zauna a gabansa yana koyon Hausa, ya kuma sa shi ya rubuta da ajami labarin ƙasashen Hausa da sana'o'insu da al'adunsu. A 1906 Mischlich ya buga ƙamus na Hausa a Jamus. Ɗaliban Alhaji Umaru sun bazu ko'ina cikin ƙasar nan, a cikinsu har da Malam Sallau, wanda ya zama Sarkin Zongon Kumasi a 1919. Saboda haka in mun ce akwai igiya tsakanin Kete da unguwanninmu, ba cin baki muke yi ba.

Ga wani lissafi da mukan ba manyan ɗalibai su yi tunani a kansa. A ɗauki mutumin da aka haifa a Kete a 1900. An haife shi a ƙarƙashin tutar Jamus, cikin Togo. Yana ɗan shekara 14 Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, Turawan Ingila suka karɓe wurin. Daga baya aka ce amana ce aka ba Ingila ta riƙe, da farko a madadin ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, bayan 1946 kuma a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 9 ga Mayu 1956 aka yi ƙuri'ar raba gardama, masu son haɗewa da Gold Coast suka yi rinjaye, a Maris 1957 ya wayi gari ɗan Ghana. Duk wannan bai ɗaga tabarmarsa daga ɗakin da aka haife shi ba. Ƙasashe ne suka yi ta wucewa ta ƙofar gidansa. Sai da ya kai shekara 64 sa'an nan aka tashe shi, kuma ruwa ne ya tashe shi.

Amma tun kafin ruwa Kete ta fara ramewa, domin hanyar da ta haife ta ta kauce mata. A 1903 jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi. Goro ya koma hawa jirgin ƙasa zuwa bakin teku, jirgin ruwa ya kai shi Ikko, daga 1912 kuma wani jirgin ƙasa ya haura da shi Kano. Tafiyar da ayari ke yi wata da watanni da jakuna, ana biyan fito ana tsoron 'yan fashi, ta koma ta 'yan makonni. Ga koko ya buɗe a kurmi yana neman hannu da 'yan kasuwa, ga motoci sun shigo. Madugu ba shi da sauran aiki. 'Ya'yan fatake suka bi goro inda ya koma, zongon Kumasi ya yi ta cika, na Kete ya yi ta raguwa. Yawan mutanen zongo ma'aunin hanya ne: in ka ga ya ƙaru, kaya na wucewa ta wurin, in ka ga ya ragu, sun sami wata mafita.

A 1961 aka kafa Hukumar Kogin Volta aka soma ginin madatsar ruwa a Akosombo. A 1964 aka toshe kogin ruwa ya fara taruwa, a Janairu 1966 Kwame Nkrumah ya buɗe aikin, wata guda kafin sojoji su hamɓarar da shi. Tafkin da ya samu ya rufe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,500, daga Akosombo har Yapei. Kafin haka, tun 1962, aka baza ma'aikata suna bin kwarin ƙauye-ƙauye, da ƙafa da kwale-kwale, suna sa wa gidaje lamba, suna rubuta maigida da iyalinsa da ɗakunansa da itatuwansa. Mu yaba musu, domin aiki ne na wahala a ƙasar da ba ta da hanyoyi, kuma ba don shi ba da sunayen ɗaruruwan ƙauyuka sun nutse tare da bukkokinsu. Aka ba kowa zaɓi, ko ya karɓi kuɗi ya nemi inda zai nufa, ko a ba shi gida a sabon gari. Mafi yawa suka zaɓi gida.

Sababbin garuruwan 52 ne. Ku raba 740 da 52, za ku sami 14 da ɗan saura. Watau a tsakaici ƙauyuka 14 aka zuba a gari guda, kowanne da sarkinsa da dattawansa da abin da yake bauta wa, wani lokaci harshensu ma ba ɗaya ba, kuma a kan ƙasar wasu mutane daban waɗanda su ma suna da nasu sarki. Gidan da aka ba kowane maigida rufi ne da ɗaki guda a gine, aka ce shi zai ƙarasa sauran da hannunsa. Mai mata biyu da 'ya'ya goma ɗaki guda ya samu, kamar yadda gwauro ya samu. Gonakin da aka yi alkawarin sharewa da injuna ba su samu a kan lokaci ba, aka yi shekaru ana raba abincin agaji. Binciken da aka yi a 1968 ya nuna fiye da rabin waɗanda aka zaunar sun riga sun bar sababbin garuruwan.

Manomi ya yi hasara, masunci ya yi, amma hasarar ɗan zongo iri ce da takardar ƙidaya ba ta da layin da za a rubuta ta. Gona ana auna ta, bishiya ana ƙirga ta, ɗaki ana sa masa lamba. To, mai saukar baƙi fa? Jarinsa shi ne zaurensa yana bakin hanya, da ɗakunan da fatake ke kwana, da rumbun da suke ajiye kaya, da amanar da aka san gidansu da ita tun daga kakansa. Dillali jarinsa kasuwa ce, mahauci da mai tuwo da mai wankin kai duk a jikin baƙo suke ci. Ɗaki guda a kan tudu ba ya mayar wa mutum da wannan. Tafkin ya yanke tsohuwar hanyar da ta ratsa Kete zuwa Salaga da Tamale, ya bar sabon gari a kan tsinin ƙasa ruwa ya kusa kewaye shi. Motocin arewa suka koma bin Techiman da Kintampo, su hau gadojin Buipe da Yapei. Salaga ma ta ji a jikinta, tunda mai zuwa can ta Yeji sai ya jira jirgin fito zuwa Makango. Ba wanda ya biya diyyar hanya.

Wutar lantarkin da aka tashi mutane dominta kuwa ta tafi Tema wurin masana'antar alminiyam ta Valco, ta tafi Ankara babban birni, ta zo mana nan Kumasi, alhali da yawa daga cikin garuruwan 52 sun yi shekaru masu yawa suna kunna aci-balbal a bakin tafkin. Sai a 1996 aka kafa asusun tallafa musu, hukumar tana zuba dala 500,000 a shekara. Ku sake ɗaukar alli: in an raba daidai, kowane gari bai sami dala 10,000 ba a shekara. Mu da muke danna maɓalli ɗaki ya haskaka, ya kamata mu san a kan gidan wa ruwan yake kwance.

Akwai wata ƙidaya daban da aka yi a daidai waɗannan shekaru, ita kuma ta takardu ce. Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon, wadda aka kafa a 1961, ta aika mutane suna bin gidajen malamai daga zongo zuwa zongo, suna aron littattafan Larabci da na ajami, su ɗauki hotonsu su mayar wa masu su. Ivor Wilks da Thomas Hodgkin suna cikin masu jagorancin aikin, amma wanda ƙafarsa ta taka zaurukan, wanda malamai suka amince wa suka buɗe masa gafakarsu, shi ne Alhaji Usmanu Boyo. Ta wannan hanya rubuce-rubucen Alhaji Umaru masu yawa suka sami wurin ajiya. Na hannun Mischlich kuma masana sun fassara su sun buga a Turai da Amurka. Abin takaici, ɗalibi a Poland ya fi ɗan Aboabo sauƙin samun abin da limamin Kete ya rubuta da Hausa. A makarantunmu na boko ba a ambatonsa, a na allo ma sai jefi-jefi.

Wani zai ce, to, gari ya nutse shekara sittin da suka wuce, me ya shafe mu yau? Ya shafe mu a kan layi guda da ke cikin takardun shiga makaranta da na neman aiki, inda ake tambaya: ina ne garinku na asali? Ɗan Batone ya rubuta Bekwai ko Juaben bai ko ɗaga kai ba. Ɗan zongo sai alƙalami ya tsaya masa. In ya rubuta Kumasi, wani ma'aikaci ya ce masa a'a, ainihin garinku nake nufi. Sai yaro ya rubuta Kano ko Katsina ko Sakkwato, garin da shi da ubansa da kakansa ba wanda ya taɓa gani, don kawai ya ji ana cewa daga can aka fito. Asali abin alfahari ne, ba mu ce a yar da shi ba. Amma wannan takarda ba tarihin ƙabila take tambaya ba, kuma yaron da ya tsallake zuriya uku ko huɗu da aka haifa a ƙasar nan ya rubuta sunan wata ƙasa, ya ba da shaida a kan kansa da hannunsa.

Dokar zama ɗan ƙasa ta shekarar 2000 a fili take. Wanda aka haifa kafin 6 ga Maris 1957 ɗan Ghana ne ta haihuwa in a ƙasar nan aka haife shi, kuma ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa shi ma a nan aka haife shi. Daga kansa ne hakkin ke gangarowa zuwa 'ya'ya da jikoki. A 2020 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar haihuwa ita kaɗai ba ta tabbatar da zama ɗan ƙasa. Ashe ke nan sunan kaka da garin da aka haife shi ba hirar dare ba ce. Gidan da ya san kakansa a Kete aka haife shi zamanin Jamus, ko a Salaga kafin yaƙin 1892, yana riƙe da hujjar da ta girmi ƙasar kanta. Gidan da ya manta kuwa, sai ya tsaya gaban tebur yana rantse-rantse.

Mun san dalilin da ya sa mutanenmu ba sa son mai takarda da alƙalami ya tsaya musu a ƙofar gida. A 1957, 'yan watanni bayan samun 'yanci, aka kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga ƙasar nan zuwa Nijeriya. Da suka kai ƙara kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, shari'ar ta mutu a nan. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Iyayenmu sun ga motoci shaƙe da mutane da ƙunshin kaya, sun ga an sayar da gida a kuɗin akuya, kuma a cikin waɗanda suka tafi akwai waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Bayan wata huɗu, a Maris 1970, aka zo ƙidaya. A ta 1960 baƙi sun kai kashi 12 cikin ɗari na mutanen ƙasa, a ta 1970 ba su kai kashi 7 ba. Wasu sun tafi, wasu kuma sun koyi abin da ake faɗa wa mai ƙidaya da abin da ba a faɗa masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Tsoron yana da tushe, amma ɓuya ba ta yi mana magani ba. A ƙidayar 2021 an sami mutum 30,832,019 a ƙasar nan, Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari. An jera manyan ƙabilu takwas da sunayensu, sa'an nan aka yi rukuni na tara mai suna saura, kashi 1.6 cikin ɗari, a nan Bahaushe yake tare da Bafulatani da Bazabarme. Dubban Dagwambawa da Mosawa da Wangarawa da Kotokoli da suka tashi da Hausa a baki an lissafa su a ƙabilun kakanninsu, saboda haka wannan adadi bai nuna yawan masu magana da harshen ba. Da waɗannan alƙaluma ake duba inda za a sa aji da famfo da asibiti. Unguwar da ta rufe ƙofa ranar ƙidaya, ita ce za ta ga yara tamanin a aji guda, kuma mu ne muke tsayawa a gabansu da alli. Wannan ya fi tsanani a ƙananan zongunan karkara, na hanyar Ejura da Atebubu da Prang da ƙauyukan bakin tafki, inda gida ashirin ko talatin ke rakuɓe a gefen garin wasu, sunansu ma ba ya fitowa daban a takarda.

Wanda yake ɗan shekara goma lokacin da ruwa ya shiga Kete a 1964, yau ya haura saba'in. Suna nan, wasu a sabuwar Kete Krachi, wasu a Yeji da Tamale, wasu a cikin unguwanninmu suna zaune bakin masallaci bayan la'asar. Hutun makaranta na tafe. Mai irin wannan dattijo ko dattijuwa a gida ya ba yaro littafi da biro ya zaunar da shi a gabansu. A tambaye su sunan uba da na kaka da garin da aka haifi kowanne, da sunan unguwarsu a tsohon gari, da wanda ke limanci a zamaninsu, da gidajen da ke dama da hagu da nasu. A tambaye su ko sun tuna lambar da aka rubuta a bangon gidan, da ranar da motar kwashe kaya ta zo, da abin da aka bari a baya don ba shi ɗaukuwa. A rubuta da boko ko da ajami, duk wanda hannu ya fi sabawa da shi, a sa kwanan wata da sunan wanda ya faɗa.